Rumbun Bakin Gulbi

A can kudancin jihar Teksas ta Amurka akwai wata gunduma da ake kira Starr, kwance a bakin gulbin Rio Grande. Ƙasa ce mai ƙaya da zafin rana, ruwan sama sai an sha duban gabas. A ƙidayar 2020 mutanenta sun ɗan haura 65,000, kuma cikin kowane ɗari fiye da 97 jinin Meksiko ne. Ba baƙi ba ne. Kakannin da yawansu suna nan da shanunsu tun kafin 1848, shekarar da wasu manya suka zauna a wani gari mai nisa suka sa hannu a takarda, aka wayi gari gulbin ya zama iyaka. Wa ya tashi ɗan Amurka, ƙane ya tashi ɗan Meksiko. Har gobe ana auratayya, ana zuwa suna da ta'aziyya, harshe ɗaya ne wannan gaɓa da waccan, sai dai a nuna takarda a kan gada.

Daga 1896 har 2020, duk zaɓen shugaban ƙasa da aka yi, ɗan takarar jam'iyyar Dimokurat ne ke lashe gundumar nan. Uba ya zaɓa, ɗa ya zaɓa, jika ya tarar ana yi.

A farkon ƙarnin da ya wuce akwai wani attajiri a garin Roma na gundumar, Manuel Guerra, mai kantuna da garkunan shanu. Dokar Teksas ta 1902 ta ce sai mutum ya biya wani ɗan haraji kafin ya jefa ƙuri'a. Talaka ba shi da shi, sai maigida ya biya masa. Da yake yawancin mutane ba su iya karatu ba, sai aka san ɓangarorin siyasa da launi, masu ja da masu shuɗi, don kada hannu ya yi kure. Daren jajibere a tara mutane cikin shinge, a gasa nama, a kawo abin sha, da safe a jera su zuwa rumfar zaɓe. Kada a zalunci maigida: in ɗanka ya kwanta shi ake zuwa wa, in aka yi rasuwa yana sa hannu a aljihu. Su kuwa manyan jam'iyya a Austin, babban birnin jihar, ba lalle su iya kawo sunan ƙauye uku na bakin gulbi ba. Sun dai san akwai rumbu a can kudu, ranar buƙata a aika a ɗibo.

An ɗibo kuwa. A 1948 Lyndon Johnson ya nemi tikitin jam'iyya na kujerar sanata, ƙirga ya nuna an kayar da shi. Bayan kwana shida sai ga ƙarin ƙuri'a 202 sun ɓullo daga akwati mai lamba 13 a garin Alice, arewa da Starr, 200 nasa ne. Waɗanda suka ga rajistar sun ce sunayen na jere bisa tsarin baƙaƙe, rubutun hannu ɗaya, tawada ɗaya, wasu masu sunayen ma sun ce su ba su fita ba ranar. Johnson ya ci da ratar ƙuri'a 87. Bayan shekara 15 ya zama shugaban Amurka.

Ƙuri'arsu dai ana so. Bakinsu ne ba a so. Tun 1918 doka ta ce da Ingilishi kaɗai za a koyar a lakwal ɗin gwamnati a Teksas. Yaro ya zo da harshen uwarsa, Sifaniyanci, wanda da shi ya koyi gaida manya da kiran dabbobi, a ce ya ajiye shi a ƙofa. Wanda bakinsa ya suɓuce ya sha bulala ko a tsare shi bayan an tashi. A 1954, a wata lakwal mai suna Blackwell a garin Marfa, a yammacin jihar, aka sa yara kowa ya rubuta a guntuwar takarda cewa ba zai ƙara yin Sifaniyanci ba. Aka tattara takardun cikin ɗan akwatin taba, aka fita fili gindin tuta, aka haƙa rami, aka binne, yara na tsaye a jere. An yi komai cikin natsuwa, yadda ake yi wa mamaci.

Ranar 1 ga Yunin 1966 leburorin gonakin kankana na Starr suka ajiye aiki. Ana biyansu kwabo 40 zuwa 85 na dala a awa, suka ce a mayar dala ɗaya da kwabo 25. Da abin ya ƙi, ranar 4 ga Yuli suka kama hanyar Austin a ƙasa, tafiyar da ta fi daga Maradi zuwa Yamai, cikin tsananin zafi, maza da mata da limaman coci. Sun kusa isa, ranar 31 ga Agusta, sai ga gwamna John Connally, ɗan jam'iyyar da suke zaɓa tun kakanni, ya tare su a bakin titi kusa da New Braunfels cikin doguwar motarsa. Ya sauko, ya gaisa da su. Ya ce ba zai kira majalisa kan maganar albashinsu ba, kuma in sun isa Austin ba za su same shi ba. Ya koma motarsa. Daga baya jami'an tsaron jihar suka sauka a Starr da kame da duka, har sai da kotun ƙolin Amurka ta ce a 1974 abin da aka yi ya saɓa doka.

Zaɓen 1968 ya zo, Starr ta ba Dimokurat. Shi ko Connally, a 1973 ya koma jam'iyyar Rifablikan.

Yaran da aka daka saboda harshe suka girma suka haihu. Waɗanda suka samu karatu suka tafi San Antoniyo da Hustan da Washintan, kuma da yawansu suka ƙudura cewa nasu ƴaƴan ba za su sha abin da suka sha ba. Sai suka rufe bakin gida da kansu, ba tare da an ɗaga musu bulala ba. Ingilishi a falo, Ingilishi a kan tabarmar cin abinci, har kaka ta zo daga ƙauye ta zauna da jikanta sai murmushi da nuni. Cibiyar bincike ta Pew ta wallafa a 2023 cewa cikin jikokin baƙin Latino, wato masu asali daga ƙasashe irin su Meksiko, da na bayansu, kashi 34 cikin ɗari kaɗai ke iya riƙe hira da Sifaniyanci. Mutanen bakin gulbi kuwa, da ba su je ko'ina ba, harshensu na nan a bakinsu.

Daga cikin waɗancan gidajen na birni ne ake samun masu magana da yawun jama'a. Julián Castro, magajin garin San Antoniyo daga 2009 zuwa 2014, minista a gwamnatin Obama, ɗan takarar shugaban ƙasa a 2019. Kakarsa marainiya ta shigo daga Meksiko a 1922, ta ƙare rayuwarta tana aikin gidan mutane. Uwarsa ƴar gwagwarmaya ce. Shi da bakinsa ya faɗa cewa harshen bai zauna masa ba. Ba laifinsa ba ne, abin da ya tarar ke nan. A muhawarar jam'iyya da aka yi a Miyami cikin Yunin 2019, wasu ƴan takara biyu da ba su da jinin Latino, Beto O'Rourke da Cory Booker, suka ɓarke da Sifaniyanci gaban kamara, kowa na nuna shi ma na gida ne. Da aka kashe fitilu kowa ya koma harshen ofis. A lokacin, Starr na cikin gundumomi mafi talauci a Amurka, akwai unguwannin da in ruwa ya sauka mota ba ta shiga, kuma aikin da saurayi ke fata shi ne ɗamarar tsaron iyaka ko rijiyoyin mai.

A 2016 Hillary Clinton ta Dimokurat ta samu kashi 79 a Starr. A 2020 Joe Biden ya samu 52. Manya suka ce tuntuɓe ne. Ranar 5 ga Nuwamban 2024 Donald Trump na Rifablikan ya kwashe kusan kashi 58, mutumin da ya buɗe yaƙin neman zaɓensa na farko da zagin baƙin da ke ƙetarowa daga Meksiko. Masana suka cika talabijin da bayani: tsadar kayan masarufi ce, addini ne, ai sun zama Amurkawa sun manta asali. Ba a cika jin wanda ya tambaya ko rumbun da aka shekara fiye da 120 ana ɗiba an taɓa zuba masa dami ba.

Wani ya riga kowa jin ƙamshin iska. Ryan Guillen, depiten Rio Grande City ta Starr a majalisar jiha tun 2003, a lokacin ɗan Dimokurat. A 2021 aka sake shata mazaɓu, tasa ta karkata wajen Rifablikan. Cikin Nuwamban shekarar ya fito gaban ƴan jarida, gwamna Greg Abbott na gefensa, ya sanar cewa ya yi nazari ya gane aƙidarsa ta fi dacewa da can. Aka tafa.

Sababbin iyayen gida ba su ɓata lokaci ba. Trump ya yi rantsuwa ranar 20 ga Janairun 2025, ba a jima ba aka rufe shafin intanet na fadar shugaban ƙasa mai Sifaniyanci. Ranar 1 ga Maris ya sa hannu a takardar da ta mayar da Ingilishi harshen hukuma na Amurka. Kamen baƙi ya shiga gonaki da wuraren gini.

Harshen ma dai an karrama shi, kada a ce an rage wani abu. A 2007 tsofaffin ɗaliban Blackwell suka taru a filin lakwal ɗinsu, kai ya yi furfura, aka kawo shebur aka tono ɗan akwatin katako, aka ciro ƙamus na Sifaniyanci aka ɗaga sama, aka yi guɗa. Akwatin, don bikin aka binne shi. A 2022 Biden ya sa hannu a dokar da ta mayar da lakwal ɗin wurin tarihi na ƙasa, ana zuwa ana ɗaukar hoto.

Mai karatu na Gidan Sori ko Agye ko Gazawa da ke son sanin makomar depite Guillen, ya kwantar da hankalinsa. An sake zaɓensa a 2022, an kuma sake a 2024.