Jinjina ga Sarkin Facin Leda

Allah ya ja zamanin maigida, gwanin gwanaye, injiniyan da bai taɓa durƙusa wa malami ba, mai warkar da ledar ɗaki ko ba ta nemi magani ba! Ranar da garwashi ya faɗo daga kaskon turaren wuta ya huda ledar uwargida, da ƙaramin mutum ne, da ya aika kasuwa a kira mai shimfiɗa leda. Namijin duniya kuwa hannun riga ya naɗe, ya ce a miƙo masa wuƙar yanka albasa.

Masu sana'ar suna da wata doguwar hanya mai gajiyarwa. Sai sun nemo ragowar leda iri ɗaya, sun ɗora a kan ramin, sun daidaita zane da zane, sannan su yanka biyun lokaci guda da sabuwar reza don facin ya zauna cif. Su share siminti, su jira ya bushe. Wannan duk aikin masu ƙarancin tawakkali ne. Maigida, mai hangen da ya wuce na tsara, daga tsakiyar ledar ɗakin yara ya yanko nasa facin, shuɗi mai furanni, ya ɗora a kan mai ruwan katako. Gidan da ya wayi gari da rami ɗaya ya kwana da biyu, kuma kowa ya san biyu ta fi ɗaya albarka.

Sai batun gam, inda nan ne baiwar ta fi bayyana. A jikin gwangwanin Evo-Stik an rubuta a shafa kaɗan a fuska biyu, a dakata ya sha iska kafin a haɗa, a nisanta shi da wuta, a bar iska tana shiga. Karatun gwangwani na masu kokwanto ne. Shi rabin gwangwanin ya tuttula, ya danna nan take, ya kuma rufe tagogi don kada maƙwabta su shaƙi ƙamshin da ba su biya ba. Da gefen facin ya yi girman kai ya ƙi kwanciya, sarkin dabara ya ɗauko dutsen guga ya ɗora kai tsaye, ba ko ƙyalle a tsakani. Leda roba ce, irin da ake kira PVC, ba ta musu da zafi: nan da nan ta tattare, rabi ta bi dutsen. Hayaƙinta mai yaji ya cika ɗaki, yara suka fita da tari da hawaye, alamar abin ya ratsa su. Waldo Semon, Ba'amurken da ya gano yadda ake tausasa wannan roba a 1926, ya bar duniya bai ga iyakar abin da za a iya yi da ita ba. Asararsa ce.

Abin da gam ya gaza, salatif ya rufa masa asiri. Abin da salatif ya gaza, ƙusa da marfin kwalba suka kammala, har guda shida, jere kamar lambobin yabo a ƙirjin soja. Tsagewar simintin da ke ƙasa kuwa bai taɓa ta ba, don mai girma ba ya tona asirin na ƙasa da shi. Da damina ta sauka, danshi ya taso daga ƙasa, ruwan goge ɗaki ya bi ta bakin facin, kyankyasai suka samu masauki ba haya. Surukarsa ma, da ta zo duba jikoki, ta yi tuntuɓe da ƙusa ta gaida aikin da gwiwa biyu.

Kada a manta karamcinsa: ledar ba tasa ba ce, cikin kayan ɗakin da iyayen uwargida suka yi mata take, amma bai nuna mata bambanci ba ko kaɗan. Ita ce dai, da rashin godiya irin na ɗan Adam, ta kwashi adashenta ta sayo sabuwa. Maigida ya yafe mata. Har ya yi alkawarin shi zai shimfiɗa da kansa, kuma ya riga ya auna ɗakin da taku.