Masu Riƙe da Tsohon Madubin Likita

A 2009 an yi gwanjon wani ɗan madubin duba ƙwayoyin cuta a Landan, ƙirar Leeuwenhoek na ƙasar Holan, aka saye shi sama da fam 300,000. A Turai har gilasan shafa jini da akwatin katako suna da masu tara su. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ma akwai masu riƙe da irin waɗannan kaya, kowa da dalilinsa.

Na farko shi ne tsohon ma'aikacin lab mai ritaya. Nasa irin na da ne, mai ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa ya kamo hasken rana, don haka ɗauke wuta bai taɓa hana shi aiki ba. Bai yarda da ɗan tsinken gwajin maleriya na zamani ba. In aka ce gwaji ya nuna babu, sai ya taɓe baki ya tambaya ko an ga ƙwayar da ido. Hujjarsa kuwa da ƙarfi: da madubi wani likita mai suna Laveran ya fara ganinta cikin jini a Aljeriya a 1880.

Sai malamin kimiyya mai makulli. Madubin makaranta yana kabad shekara guda cur, ba ya fitowa sai jarrabawar WAEC ta ƙarato. Ranar nan ɗalibai za su yi layi su leƙa ɓawon albasa, kowa ya ce ya gani, alhali rabinsu gashin idonsu suka gani.

Akwai dillalin duwatsu. Shi ɗan gilashin leƙawa kawai ya cire ya jefa aljihu. Ko farar ƙasar Ƙanƙara aka miƙa masa sai ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya girgiza kai don farashi ya sauko.

Mai neman jan makuri ya fi kowa wahala. Ya riga ya farke keken ɗinki Singer na kakarsa da dutsen guga mai zakara bai samu komai ba, yanzu ya tabbata a cikin bututun madubi Turawa suka ɓoye shi.

Ɗan Facebook kuma ya ga farashin Landan, ya dirje nasa da toka da lemun tsami har yana ƙyalli. Bai san masu saye kuɗin tsohon fentin suke biya ba.

Na ƙarshensu ɗan gwangwan. Ƙirar kamfanin Zeiss ne ko Leitz na Jamus, bai dame shi ba. Zai kanga maganaɗisu, in bai kama ba ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin tagulla. Yawancin kayan a hannunsa suke ƙarewa.

Duk wanda ya gaji irin wannan akwati, ya duba sunan kamfani da lambar da ke jikin bututun kafin ya kira mai kura.