Masu Gudun Takarda a Kasuwannin Tasawa da Mayahi

Tun bayan farin ɗango na 2004 da yunwar da ta biyo bayansa a 2005, sa'ad da furojoji suka yawaita a jihar Maraɗi, aka sami wata sabuwar sana'a wadda kakanninmu ba su san ta ba, wato a tara masu awo da masu butik da dillalan bisashe a ƙarƙashin rumfa, a raba musu kaye da bik, sa'an nan wani saurayi mai tsabtar riga ya umarce su da su rubuta uwar kuɗinsu, da abin da ke shiga da abin da ke fita, da inda suke nufin kai sana'arsu nan da shekara uku. Abin lura kuwa shi ne, waɗanda ake koya wa lissafin nan jikokin fataken da Bature Heinrich Barth ya tarar ne a Tasawa a watan Janairu na 1851 suna ƙidayar wuri tsibi-tsibi a ƙasa, saboda haka in sun ƙi takarda, jahilci ba ya cikin dalilansu. Kowanensu yana da tasa hujja, kuma hujjojin sun sha bamban.

Wanda ya fi wahalar da masu horo shi ne ma'abocin tawakkali. Yakan zauna a sahun gaba, carbi a hannu, ya bari har a kai babin shekara mai zuwa, sa'an nan ya yi gyaran murya ya ce, "Mushe, arziki na Allah ne, wa ya ga gobe?" Nan take sai saurayin ya yi tsuru-tsuru, domin yana tsoron kada a fita ana cewa ya yi jayayya da ƙaddara, alhali kuwa da ya bi malamin zuwa bakin tasha da magariba, da ya ga wannan mai sallamawar yana garƙame kantinsa da kwaɗo biyu, yana kuma jijjiga ƙofa don ya tabbatar. Amsar mutumin nan tana cikin littattafan da shi kansa yake girmamawa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ke ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malaman Malikiyya kuma sun rarrabe tsakanin muhtakiri, mai ajiye kaya yana jiran kasuwa, da mudiri, mai saye da sayarwa kullum, suka wajabta wa mudiri ya yi wa hajarsa ƙima kowace shekara, ya haɗa da bashin da yake sa ran karɓa, ya fitar da kashi ɗaya cikin 40. Idan aka sami mai ladabi ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam, yaya ake fitar da zakkar kanti ba a ƙidaya abin da ke ciki ba?" sai ya shafi gemu, ya ce mas'alar tana bukatar muɗala'a, bayan kwana biyu kuma ka gan shi da takarda cike da ajami, har da ashana da magi, yana mai bayyana cewa shi dama can yana da niyya.

Kusa da shi akwai Alhaji mai littafi a ka. Da zarar an miƙa masa kaye sai ya ɗora yatsa a goshi ya ce, "Yaro, nawa yana nan." Kuma gaskiyarsa, don zai faɗa maka kuɗin tiyar gero a kasuwar Kanambakashe da kaka da bazara, shekara bayan shekara, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Illa dai shi wannan littafi yana da wata ɗabi'a, ba ya riƙe abin da ya fita ta aljihun gefe: shayin majalisa, da goron suna, da kuɗin kabu-kabun yaron gida, da buhun da suruki ya ɗauka tun damanar bara da sunan aro. Aljihu ɗaya ke ɗauke da jari da riba da cefane, shi ya sa duk shekara Alhaji yana cin riba a kowane ciniki, duk shekara kuma kantin yana ƙara fili.

Mai ɓoyo shi ne wanda nake tausaya wa, har ma nake ganin hujjarsa ta fi ta mai horo ƙarfi. Mutumin da kakansa ya ga yadda ake ƙidayar kawuna da garke a zamanin Faransa domin a aza lanho, wanda shi kansa bai taɓa ganin baƙo da takarda a bakin kantinsa ba face mai karɓar patanti, ba za a zarge shi ba idan ya ɗauka cewa duk abin da aka rubuta ya kama hanyar biro. Amma hukuma ita ce ƙaramar fargabarsa. Babbar ita ce dangi, domin ranar da aka ji a gari cewa wane ya rubuta da hannunsa yana da jika ɗari biyar, ranar ce ƙanen mahaifi zai tuna da rufin ɗaki, gwaggo ta tuna da auren 'yarta, ga kuma kambun baka wanda ba a ganinsa sai ya yi aiki. Don haka in an ce ya rubuta jarinsa a gaban jama'a, sai ya rubuta rubu'insa, ya yi ajiyar zuciya, ya ce kasuwa ta mutu. Irinsa ba ya faɗin gaskiya sai an keɓe da shi, an kuma bar kayen a hannunsa ya tafi da shi gida.

Ɗan perdiyem ba ya bukatar dogon bayani. Ya halarci horon kiwo, da na ɗinki, da na sabulu, ya haddace kalmomin Faransanci fiye da mai koyarwa, yana da tsarin kasuwanci uku a cikin leda, sana'a ce kawai ba shi da ita, kuma tambayarsa guda ce, wato ƙarfe nawa ake sa hannu. Ɗan'uwansa mai "to" ya fi shi kunya, komai aka ce sai ya ce "To, madalla," in an koma bayan wata guda a tarar yara sun yi jirgi da kayen.

Sai dattijon da ke fatauci tsakanin Tasawa da kasuwannin Katsina da Daura, wanda ba ya musu, tarihi kawai yake karantowa. Yakan ce ya kwanta da kuɗinsa a watan Janairu na 1994 ya tashi an raba darajar sefa biyu, ya ɗora wake a mota a watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyaka har ƙarshen 2020, bai gama farfaɗowa ba aka sake rufe ta a 2023, naira kuma tana faɗuwa ba ta sallama da kowa. Daga nan sai ya dubi saurayin da rahama ya ce, "Ɗana, a wane layi na takardarka aka rubuta waɗannan?" Mai horo na ƙwarai ba ya gardama da shi, sai dai ya tambaye shi yadda ya tsira, a nan ne dattijon zai fara bayanin yadda yake raba dukiyarsa uku, kashi a hatsi, kashi a tumaki, kashi a hannu, bai kuwa lura ba cewa abin da ya ƙi rubutawa da safe shi yake shibtawa da la'asar.

Matan asusu kuwa, su ba gudun tsari suke yi ba, sun riga mai horon ne. Tun 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a wannan jiha, matan ƙauyukan Gulbin Kaba, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da saƙar tabarma, suke zuba kuɗi mako-mako a akwati mai kwaɗo, suna ba juna rance, suna riƙe lissafin da ka a gaban shaidu, tsarin da daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama na Afirka. Abin da ke sa Hajiya ta ƙi kaye shi ne mai gida ya iya karatu. An ce wata ta saurari darasi har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, kai nawa ka ajiye daga albashinka na watan jiya?" aka tashi sallar azahar kafin lokacinta.

Wannan ya kawo mu ga nau'in da ba a cika lissafawa ba, shi ne mai horon kansa, wanda bai taɓa sayar da ko ƙwayar goriba ba, amma ya zo daga Yamai da kwamfuta da takarda mai shafi ashirin cikin Faransanci, yana neman mai tuyar ƙosai ta yi masa hasashen cinikin shekara biyar, in ta kasa kuma ya rubuta a rahotonsa cewa mutanen karkara ba sa son canji. Waɗannan mutanen dai su ne suke kai buhunan gero da wake ma'ajiyar ƙungiya da kaka, a rubuta sunan kowa da adadin buhunsa, a rufe da kwaɗo biyu, ɗaya na manoma ɗaya na masu ba da rance, su karɓi kuɗi su yi kiwo ko ƙaramin ciniki, su fanshi kayansu idan hatsi ya yi tsada. A bakin wannan ma'ajiya ma'abocin tawakkali da Alhaji da mai ɓoyo duk sukan tsaya a kan magatakarda, kowa yana cewa a sake karanta masa abin da aka rubuta, kada a rage masa tiya ɗaya.