Daren da na shiga vi na kasa fita

Ranar da na sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a tsohuwar kwamfutata har takuna ya canza. An ce mini wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta Linux a 1991. Na ce ai ni ma na yi ɗalibta, sanyin gari ne kawai ya bambanta mu.

Mako guda na haddace umarnin ls da cd da pwd. Sai na gano sudo, kalmar da in ka sa ta a gaba kwamfuta ba ta yi maka musu. Tun daga nan komai da sudo nake fara shi, har duba agogo.

Na kuma karanta yadda injin ke tashi, abin kamar sahur a babban gida. BIOS ce ke fara farkawa, ta tashi GRUB, GRUB ya ɗauko kanal, kanal ya kira systemd mai lamba 1, shi kuma ya bi ɗaki-ɗaki yana buga ƙofa. A hannunsa akwai takarda, /etc/fstab, mai jerin ma'ajiyoyin da zai haɗa kafin ya ce maka bismilla. Don burga na buɗe ta na rubuta filas ɗina a ciki.

Washegari ƙanina ya ari filas ɗin zai zuba waƙoƙin biki, ya hau mota sai Zariya.

Da daddare na kunna. Systemd ya kira sunan filas, shiru. Ya tsaya jiransa daƙiƙa 90 cif, ina kallon lissafin yana tafiya, sannan ya yi fushi ya wurga ni wani baƙin allo na gaggawa. Ba hoto, ba linzami. Na ce ƙaramin abu ne, layi ɗaya zan goge. Na buɗe /etc/fstab da vi, manhajar gyara rubutu.

Jama'a, vi ramin kura ne. Na danna harafi, bai fito ba. Na danna wani, rabin layi ya ɓace. Da rubutu ya fara shiga, sai maɓallan kibiya suka koma zuba mini A da B da C da D, kowanne a layinsa, kamar ɗan aji ɗaya. Na nemi ƙofar fita, babu.

Matata ta leƙo ta ga gumi. "Maigida, da ma ba ka tambayi hanyar fita ba kafin ka shiga?"

Ban tanka ba. Ita ta aika aka kira yaron maƙwabta, ɗan sakandare, ya zo yana mutsuttsuke ido. Ya danna Esc, ya rubuta :q! ya buga Enter. Shi ke nan. Ya sake buɗe fayil ɗin da nano, ya ƙara nofail a layin filas.

"Kawu, wannan kalmar ce ke gaya wa systemd in bai ga baƙon ba ya ci gaba da harkarsa."

Na gyaɗa kai kamar na sani, na ba shi kuɗin tsire.

Filas ya dawo bayan kwana uku, cike da kalangu. Ni kuwa na rubuta Esc da :q! a kwali na manna a bango, dab da lambar mai gyaran janareto.