Laƙanin Mushe

Daga cikin ilmomin da ake ɓoyewa a garin Diffa, kamar yadda malamai suke riƙe laƙani sai almajiri ya shekara yana yi musu itace, ban san wanda ya kai ilmin ɗaukar hoton fuskar kwamfuta tsada ba, musamman a kan tsofaffin nan masu ƙeya kamar tulu, waɗanda har yau suke jan Windows XP a shagunan buga takardu, alhali kamfanin Microsoft da ya haife ta a 2001 ya yi mata sallama tun watan Afrilu na 2014.

Musabbabin wannan magana kuwa shi ne wani kawuna da ya taso daga Barwa, can gabas wajen Boso, ya kawo buhunan tattasai ya sayar, sa'an nan ya rantse ba zai koma ba sai ya ga sunan ɗansa cikin waɗanda suka ci jarrabawa, ya kuma tafi da hujja a wayarsa, domin a majalisar ƙauye labarin da ba shi da hoto hadisi ne mai rauni. Muka shiga wani shago, mai shagon, wanda kowa ke kira Mushe, ya lalubo sunan, kawu ya yi hamdala. Daga nan Mushe ya gyara zama, ya rufe maɓallai da hannun rigarsa, ya danna wani abu, ya ce dala ashirin.

Kawu ya dubi kwamfutar, ya dubi Mushe, ya ce, "Ɗana, ai ba ta ko yi tari ba."

"Baba, ta rubuta," in ji Mushe. "Mala'ikun kafaɗarka ka taɓa jin motsin alƙalaminsu?"

Ni da na leƙa ta ƙarƙashin hannun rigar, ga asirin, na bayar da shi sadaka. Akwai maɓalli a saman dama, wanda a kwamfutocin Faransanci aka rubuta masa Impr écran, a waɗanda suka ƙetaro Komadugu daga Nijeriya kuwa Print Screen. A zamanin DOS, idan an danna shi, rubutun allo yake aikawa injin buga takarda. Da Windows ta zo sai aikinsa ya koma na gaibu, ya ɗauke hoton ya ajiye inda ido ba ya gani, har sai an buɗe Paint, an haɗa Ctrl da V, hoton ya bayyana, a adana shi. Wanda ya haɗa shi da Alt, tagar da yake aiki a cikinta kaɗai za a ɗauka. Sai dai ma'ajiyar hoto ɗaya take riƙewa, na baya ya shafe na farko bisa ƙa'idar nasihi da mansuhi, in kuwa wuta ta ɗauke kafin a adana, to duka biyun sun riga mu gidan gaskiya. Haka aka yi mana, Mushe ya karɓi wata dala ashirin.

Amma kada a ɗora laifin duka a kan Mushe, gama akwai wata mazhaba da ta fi tasa mabiya, wato ta masu zaro waya su haska fuskar kwamfuta kamar ana ɗaukar amarya. Hoton nasu yakan fito da zane-zane kamar saƙi, da wani farin haske zaune daidai kan kalmar da ake nema, ga kuma inuwar mai ɗaukar da hularsa, da fankar da ke bayansa, da kwanon kifin da ya ajiye. A haka za a tura shi WhatsApp, mutum arba'in su yi ta tafsirin lambar nan ko uku ce ko takwas, wasu su soma barka, wasu jaje. Na ga manyan ma'aikata masu takardun ilmi sun yi haka a biro, maɓallin yana ƙarƙashin ɗan yatsansu yana kallonsu.

Da Mushe ya rufe tagoginsa sai hoton tudun nan mai koren ciyawa na fuskar Windows XP ya bayyana, wanda Charles O'Rear ya ɗauka a Kalifoniya ta Amurka a 1996. Kawu ya daɗe yana dubansa, ya tambaya ko gonar wa ce, da na gaya masa sai ya girgiza kai ya ce wuri mai laima haka, a ce ba a dasa ko tattasai ɗaya ba, lalle mai shi malalaci ne. Kafin in amsa ya zaro wayarsa ya haska tudun, don ya nuna wa mutanen Barwa.

Mai karatu, in ka je shagon ka danna maɓallin da kanka, don Allah kada ka ce wa Mushe a wurina ka ji, gama akwai takardun da zan buga a wajensa ranar Talata.