Tiya Biyu Gare Ni

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, hatsi ya sayar har ƙarfinsa ya ƙare, tsakanin kasuwar Daura da ta Mai'aduwa da ta Zango. Babu wanda ya tsana a kasuwa kamar mai tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Duk wanda ya kama da wannan hali, ko a wurin jana'iza suka haɗu sai dai gaisuwa daga nesa. To ga ni yau, ɗansa na cikinsa, malamin lissafi a sakandare, wanda ake yabo da cewa ko ɗan wane ne ba ya ƙara masa maki ɗaya, na zo in amsa laifin da 'yan majalisarmu suka daɗe suna tuhumata da shi. Tiya biyu gare ni. Sauƙin abin dai ba gero nake aunawa ba. 'Yan ƙwallon Turai nake aunawa, duk shekara idan kakar wasa ta ƙare aka zo batun wa zai ɗauki Ballon d'Or.

Kafin a ɗauka wani gwani ne ke magana, bari in faɗi iya abin da na taɓuka a fili. A firamare gola nake tsayawa, shi ma don ƙwallon tawa ce, in ba a sa ni ba sai in ɗauke abata in tafi gida. Daga ranar da ta fashe ban sake shiga kowane tim ba. Amma ka zo teburin mai shayin unguwarmu bayan isha'i a watan da za a ba da kyautar nan, ka ji yadda nake yanke hukunci a kan mutumin da ke gudun kilomita goma a wasa ɗaya, ni da in na hau kabu-kabu zuwa makaranta sai na nemi inuwa na huta.

Ita kyautar, mujallar France Football ta ƙasar Faransa ce ke bayar da ita tun 1956. A tsarin yanzu 'yan jarida ne ke jefa ƙuri'a, mutum ɗaya daga kowace ƙasa cikin ƙasashe 100 da ke sama a jadawalin FIFA. Nijeriya duk girmanta ƙuri'a ɗaya gare ta, kuma ba a hannuna take ba. Babu wanda ya taɓa kirana daga Faris ya ce Malam, me ka gani? Shiga sharo ba shanu ke nan, na sani, kuma shekara goma sha biyar ina shan bulalar.

Ni ɗan Madrid ne, a cikin 'yan Madrid ɗin ma ɗan Ronaldo. Babban abokin adawata wani tela ne ɗan Barca, shagonsa na kallon teburin shayin. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya ɗaga murya, amma Allah ya hore masa riƙe zance kamar rakoda. Shi ya fara gano tiyoyin nawa.

A 2010 Messi ya ɗauka, alhali Sneijder ya ci kofi uku da Inter Milan, har da na zakarun Turai, ya kuma kai Holan wasan ƙarshe na kofin duniya. Na ce an yi murɗiya. A 2012 Messi ya zura ƙwallo 91 cikin shekara guda, aka sake ba shi. Na ce sam, ai Madrid ce ta ɗauki La Liga da maki 100, kofi ake dubawa. A daren ne na kawo hujjar da har yau nake jin daɗin kaina idan na tuna ta. Na ce mu Daurawa ba za a koya mana wannan shari'a ba. Da aka wayi gari an kashe macijin rijiyar Kusugu, ai maza da yawa sun bugi ƙirji sun ce su ne, sarauniya Daurama ba ta tsaya sauraron labarin jarumtar kowa ba, cewa ta yi a kawo kai. Wanda ya fito da kan macijin shi aka sallama wa. Kofi shi ne kai, sauran duk surutu ne. Majalisa ta ɗauki sowa, mai shayi ya ƙara mini madara kyauta, tela ya yi shiru ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Shekara ta zagayo. A 2013 Ronaldo bai ɗaga ko kofin shan ruwa ba, amma ya ci ƙwallo 69. Ribery kuwa ya kwashe komai da Bayern Munich, na gida da na Turai. Aka ba Ronaldo, Ribery ya zo na uku. Ina cikin rabon alewa sai na ji muryar nan mai sanyi daga bayana.

"Malam, barka da arziki. Ina kan macijin?"

Da ni mai kunya ne da na yi dariya na wuce. Ina! Gyara zama na yi, na ce kyautar ai ta mutum ɗaya ce, ba ta ƙungiya ba, kofi kuwa mutum goma sha ɗaya ke cinsa, saboda haka ƙwallaye ake ƙirgawa. Ya ce, "To bara da aka ci 91 fa?" Na ce bara daban, bana daban. Malamin lissafi ke nan, wanda da safe zai tsaya gaban allo ya gaya wa yara cewa 91 ta fi 69 a ko'ina a duniya.

Tun daga nan abin ya zame mini jiki. Idan nawa ne ke da kofi, in fito da tiyar kofi. Idan ƙwallaye gare shi, in fito da ta ƙwallaye. Idan ba shi da ko ɗaya, akwai wata 'yar ƙarama da nake ɓoyewa a aljihu, sunanta "Turawa ba sa son sa". Shekarar da ta fi ba ni wahala ita ce 2018, da Modric na Madrid ya doke Ronaldo wanda ya riga ya koma Juventus. Kwana biyu ina tafiya kamar mai ciwon haƙori, ban san ko murna zan yi ko makoki ba. A 2020 da aka fasa bayar da kyautar saboda korona, na taya Lewandowski jimami kamar ɗan ɗakinmu, a 2021 kuma da Messi ya sha gabansa na ce a je a ƙirga ƙwallaye. A 2023 Messi ya ɗauki ta takwas bayan ya ci kofin duniya a Katar, sai ga ni, mai tarihin Kusugu, ina cewa kofin duniya ai wasa bakwai ne kacal, a duba Haaland da ya ci 52 a kaka ɗaya. Ronaldo na da biyar, Messi na da takwas. Na taɓa ɓata dare guda ina ƙoƙarin nuna wa majalisa cewa in aka cire na murɗiya, biyar ta fi takwas.

Amma abin kunyar da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne ranar Litinin 28 ga Oktoba, 2024. Kowa ya sallama Vinicius na Madrid zai ɗauka, ya ci La Liga, ya ci kofin zakarun Turai, har ya zura ƙwallo a wasan ƙarshe da Dortmund a Wembley. Kwana uku kafin ranar na miƙe tsaye a majalisa na ce in ba a ba Vinicius ba, na daina maganar ƙwallo har abada. Ban lura da cewa tela ya ajiye wayarsa kusa da gwangwanin sukari ba. Na kuma yi alkawarin tsire ga duk wanda ya zo. Da la'asar ɗin ranar labari ya fara yawo cewa Madrid ta fasa zuwa Faris. Da daddare sai ga Rodri na Manchester City ya hau dandamali da sandunan dogarawa, ya karɓi abinsa da ratar maki 41. Mutumin ya ci gasar Ingila, ya ci kofin Turai da Sifaniya, shi aka zaɓa gwarzon gasar. Wato ga kai har biyu a hannunsa.

Tunda Madrid ta ƙaurace wa bikin, ni ma na yanke shawarar ƙaurace wa majalisa don nuna goyon baya. Kwana huɗu ina idar da isha'i in zarce gida ta bayan layi. Ina zaune a tsakar gida ina saƙa yadda za a turo manya su ba ni baki. Uwargida ta ga abin ya yi yawa ta ce, "Malam, lafiya kuwa? Ko an yi rasuwa ne ba ka faɗa ba?" Na ce an zalunci wani bawan Allah ne. Ta tambayi ɗan wace unguwa ne. Da na ce ɗan Barazil, sai ta ce Allah ya bi masa hakkinsa, ni kuma in tuna gawayi ya ƙare. A rana ta huɗu aka yi sallama a ƙofar gida. Na gyara hula na fito da fuskar wanda aka zo lallashi. Yaron mai shayi ne, an aiko shi karɓar kuɗin shayi da burodi na sati biyu.

Da na koma, babu wanda ya ce ina ka shiga. Na zauna, na ce ni dai ba zan ce komai ba. Na riƙe wannan alkawari kimanin minti shida. Ina fara "amma fa tsakani da Allah", sai na ji muryata tana fitowa daga wayar tela, tana rantsuwar daina maganar ƙwallo. Har yau ita ya sa a matsayin ƙarar kira idan ni ne ke kiransa. Wata biyu bayan haka FIFA ta ba Vinicius tata kyautar, na ce ai dama wannan ita ce ta gaskiya, tunda masu horarwa da kyaftin-kyaftin na cikin masu zaɓe. Tela ya tuna mini cewa a watan Janairun shekarar, da aka ba Messi ita, cewa na yi ko a ɗaura mini a ƙafa sai na kwance.

Na 2025 ba sai na ja ba. Dembele da na yi shekaru ina kira ɗan gadon asibiti lokacin yana Barca, shi na koma yi wa kamfe, don kawai abokin takararsa Lamine Yamal na Barca ne. Da PSG ɗin su Dembele ta lallasa Inter 5 da nema a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, tarihin Kusugu ya dawo bakina sabo fil.

Wuri ɗaya ne ni da tela muke zama inuwa guda, wato idan aka zo kan 'yan gida. Mun yarda an cuci Okocha, wanda bai taɓa zama gwarzon Afirka na CAF ba, musamman a 1998 da Mustapha Hadji na Maroko ya sha gabansa. Mun yarda an cuci Mikel Obi a 2013, shekarar da Nijeriya ta ci kofin Afirka amma aka ba Yaya Toure. Da Osimhen ya ɗauka a 2023, karo na farko ga ɗan Nijeriya tun Kanu a 1999, Lookman ya biyo baya a 2024, mun ce yanzu ne CAF ta san aikinta. A nan na gane shi ma telan yana da tasa 'yar tiyar, ya dai fi ni iya ɓoyo. Kuma duk wannan kishin gida namu a baki ya tsaya. Wani ɗalibina ya taɓa tambayata wa ya fi cin ƙwallo a gasar Nijeriya a kakar da ta wuce. Na ce Ahmed Musa ya ci 18 a Kano Pillars. Yaron ya ce, "Malam, ai wannan tun 2010 ne, ba a haife ni ba." Daga Daura zuwa filin wasa na Muhammadu Dikko a Katsina tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce, ban taɓa zuwa na kalli Katsina United ba, amma na san ƙafar da Vinicius ya fi bugu da ita.

Abin har ya shiga gida. Da ƙaramar sallah ɗana na fari ya roƙi in saya masa rigar Yamal. Na ce babu kuɗi, ga tsadar rayuwa. Washegari na dawo masa da ta Vinicius, wadda ta fi waccan tsada. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Baba." Tana nan a ƙasan akwati da ledarta. Ran nan na hango shi a shagon tela, su biyu sun haɗa kai a kan waya suna dariya, kuma na tabbata muryar da ke tashi tawa ce.

Na yi niyyar gyarawa. Na ce daga bana, kafin a fitar da sunayen 'yan takara, zan rubuta ma'aunina a takarda in sa hannu in damƙa wa mai shayi, duk wanda ya faɗa a kansa shi ke nan, ko ɗan Barca ne. Na zauna da biro har sau biyu. Matsalar ita ce ban san wace tiya zan rubuta ba sai na ga yadda kakar Madrid ta ƙare.

Ga roƙona ga duk wanda tela ya tura wa muryar nan ta WhatsApp, daga Daura har Kongolam: don girman Allah a goge, yarana sun fara girma. Tsiren da na yi alkawari kuma yana nan, zan saya ranar da aka mayar wa Vinicius kyautarsa ta 2024.