Zinarin da aka fesa mini

Ɗan ƙanwata da ke karatun kimiyya a wata jami'a ne ya tono wannan rigima. Ya zo hutu Duza, yana ta cika baki cewa suna da madubin lantarki mai hango abin da silin gashi ya fi shi kauri sau dubbai. Ni kuwa ina da wata ƙasa mai ƙyalli da na haƙo a bayan gari, wadda zuciyata ta riga ta yanke cewa zinari ce. Na cika rabin buhu, na biya kuɗin kaya daga Anka zuwa Gusau, daga Gusau zuwa gaba.

Ma'aikacin ɗakin gwajin ya dubi buhun, ya dube ni.

"Baba, gini za mu yi?"

Ya lakato ɗan abin da ido ke gani da ƙyar, ya manna a kan wani ƙaramin ƙarfe, ya saka shi cikin wata 'yar tukunyar gilas mai haske shuɗi-shuɗi. Na ɗauka ɗumama shi ake yi. Da aka kai shi babbar na'urar, na zagaya ina neman inda zan kafa ido, babu. Ashe ba da haske take gani ba. Zuƙe iskar ciki ake yi ƙaf, a harba ƙwayoyin lantarki su bi kan ƙurar layi-layi, kwamfuta ta haɗa hoto. Wasu Jamusawa, Ernst Ruska da Max Knoll, suka ƙera kakarta a 1931. Awonsu kuwa nanomita ne, wato a raba milimita ɗaya gida miliyan.

Hoton ya fito baƙi da fari, ƙwayar ƙura guda ta tsaya kamar dutsen Kwatarkwashi. Sai wani zane mai tsini-tsini ya biyo baya, na sinadaran da ke ciki. Yaron ya nuna wani tsini, ya ce, "Kawu, wannan zinari ne."

Ban jira sauran ba. Na yi kabbara, na fita waje na buga wa Hajiya waya, na ce ta zaɓi keken ɗinki.

Da na dawo, ma'aikacin yana sosa ƙeya.

"Baba, zinarin namu ne."

"Mi kac ce?"

Ƙasa ba ta barin lantarki ya wuce, sai ya taru a kanta hoton ya dagule. Shi ya sa suke fesa mata zinari, kaurin nanomita 10 ko makamancin haka, a wannan tukunyar da na ce ta ɗumame ce. Nawa shi ne dogon tsinin da ke gefe: dalma.

Ɗan Duza ba ya bukatar a fassara masa wannan. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo, aka kankare ƙasar gidajenmu tare da ta Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru. Da irin wannan na'ura masanan ƙasa na gwamnatin Amurka suka duba samfurin Dareta da 'Yargalma. Sun tarar dalmar ta rikiɗe zuwa nau'in da ruwan ciki ke narkarwa da sauƙi, injin niƙa kuma ya mayar da ita gari mai liƙe wa hannun yaro. Aka sa na wanke hannu da sabulu, aka ƙulle bakin buhun, aka gargaɗe ni kada ya sake shiga gida.

Duk da haka na nemi a ba ni ɗan ƙarfen, tunda dai akwai zinari a kansa kuma na biya kuɗin gwaji. Ma'aikacin ya danna lissafi a wayarsa, ya ce ko ƙosai guda ba zai saya ba.

Ina tasha Hajiya ta bugo. Ta riga ta karɓi ɗinkin Sallah na gida uku, har da kafin alƙalami.